Ruwan Shan Baba Seidu

Ɗakin da na fara kwana a New York yana kan titin Grand Concourse, a Bronx, kuma mu da muke cikinsa mun fi katifun yawa. Mai aikin dare shi ke kwana da rana, mai aikin rana ya dawo ya tarar da katifa da ɗumin jikin wani. Na zo na haura hamsin, bayan na ƙarar da ƙuruciyata ina jan tankar mai tsakanin Legas da Funtuwa. Matata ta ce kada in sayar da rabona na motar, na sayar. Ta ce kada in yarda da Sule, na yarda. A lokacin ba na jin maganar kowa, kuma bakina ya fi tunanina sauri. Da wannan hali na sauka a Amurka.

Sule ɗan unguwarmu ne. Shi ya riƙa bugo mini waya yana cewa direba irina ba ya mako a New York bai sami mota ba. Da na iso sai labari ya canza: lasin ɗina ba ya aiki a nan, takarduna kuma ba na aiki ba ne. Ya ba ni katinsa na shiga wani wurin wankin motoci da sunansa. Albashi ya faɗa asusunsa, shi kuma ya tsakuro ya miƙo mini, ya ce sauran na haya ne da haraji. Hunturu guda na yi ina amsa sunan Sule. Hannuwana suka tsattsage saboda ruwan sanyi da sabulu, in na ɗaga su zan yi kabbara sai in ji fatar tana buɗewa. Ranar da na ce ya zauna mu yi magana a kan gumina, na dawo daga aiki na tarar da jakata a bakin ƙofa.

Na kwana a jirgin ƙasa, yana kai ni ƙarshen layi yana dawo da ni. Washegari Juma'a ce, sai na sauka a Harlem, na bi masu manyan riguna har wani masallaci a titi na 116, inda 'yan Senegal da 'yan Nijar suke da shaguna. Bayan salla kowa ya watse, ni na zauna a kan jakata kusa da wani gidan abinci, ƙamshin soyayyen kifi yana dukan hancina. Wani tsoho gajere mai farin gemu da jar hula ya tsaya a kaina yana sakace.

"Kai, ɗan Najeriya ne?"

Na ce, "Ya aka yi ka sani, Baba?"

"Jaka a masallaci, fuska kamar an ƙwace maka gari. Ɗan Gana in an kore shi, dariya yake yi. Wane gari?"

"Funtuwa."

"To ɗan Funtuwa, ɗauki jakarka. Memuna ya dafa wake da shinkafa, in mun daɗe zai huce."

Hausarsa ta Zangon Kumasi ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Sunansa Baba Seidu. Ya yi shekaru yana tuƙa tasi a birnin kafin idanunsa su gaji ya ajiye. Bai tambaye ni takardu ba, bai tambaye ni abin da ya faru ba. Ya sa ni a jirgin ƙasa har ƙarshen gari, daga nan muka shiga jirgin fito zuwa Staten Island. Ni da ban taɓa hawa ruwan da ya fi na dam ɗin garinmu ba, na riƙe ƙarfe da hannu biyu, shi kuwa yana dariya yana gaya wa wani Bature cewa ga direban tanka yana tsoron kwale-kwale.

Gidansu a Stapleton yake, ɗakin ƙarƙashin ƙasa ne kusa da bakin teku. Matarsa Mma Memuna aikin kula da tsofaffin Turawa take yi a gidajensu. Ta dube ni sau ɗaya ta ce, "Ei, wannan yunwa ne ke tafiya da takalmi." Ta cika mini faranti, ta zuba wani baƙin yaji na Gana wanda ya sa na yi hawaye, na kuma ji daɗi da na sami dalilin yin hawayen. Suka shimfiɗa mini a falo, bayan wasu kwalaye. Da asuba koko da ƙosai. Tun barina gida ban ji ƙamshin koko ba sai ran nan.

Baba Seidu ne ya samo mini aiki. A kan tudu, can saman unguwar, akwai wani fili da ake ba da hayar motocin nan masu gado da kicin da banɗaki a ciki, waɗanda a can ake kira arbi. Masu shirya fim suna ɗauka, iyalai ma suna ɗauka in za su yawon hutu. Mai filin wata tsohuwa ce 'yar asalin Italiya, mijinta ya mutu ya bar mata motocin da wani gurgun kare. Madam muke ce mata. Aikina shi ne in mota ta dawo in share ta, in wanke ta, in zubar da abin da masu haya suka tara a tankin banɗaki.

Ranar farko ta kai ni gefen wata mota. Turancina a lokacin bai wuce na tasha ba, don haka da hannu ta koya mini. Ta ɗaga wani farin tiyo, ta kai shi kusa da bakinta kamar mai sha. Ta ɗaga wani baƙi, ta toshe hanci. Sannan ta haɗa su wuri ɗaya, ta dube ni, ta ja yatsa a wuyanta. Na gane. Farin na ruwan sha ne, shi ake ɗaurawa daga famfo zuwa motar. Baƙin na wanke tankin bahaya ne. Fari yana da akwatinsa a dama, baƙi yana da nasa a hagu mai makulli, kuma har abada ba sa gaisawa. In za ka yi ƙazamin aikin sai ka sa safar hannu ta roba, ka ɗaura babban bututu daga tankin zuwa ramin kwata, ka ja hannun ƙarfe kaya su sauka, sannan ka kawo baƙin tiyo ka ɗauraye tankin da bututun. A bakin famfo akwai wani ɗan ƙarfen tagulla da ake ɗaurawa kafin baƙin tiyo, aikinsa hana ruwa komawa baya, don in ƙarfin famfo ya ragu yakan tsotso abin da ke gaba. In ka gama sai ka cire safa, ka wanke hannu da sabulu, ka fesa bilic, ruwan kashe ƙwayoyin cuta, a bakin famfon, sannan ka taɓa farin. Shi farin ko ƙasa ba a bari bakinsa ya taɓa. In an naɗe shi ana haɗa bakunan biyu a murɗe, don ko ƙwaro kada ya shiga.

Da yamma na ba su labari muna cin tuwo. Baba Seidu ya yi dariya har ya ƙware.

"Turawa! Mutanen da suke share jikinsu da takarda su ne za su koya mana tsabta? Mu da muka tashi da buta a hannu?"

Mma Memuna ta ce, "Baba, ci abincinka. Kai ba ka taɓa wanke ko kofi ba koraa, ko sau ɗaya."

Ni ma na yi dariya, don a raina haka nake gani. Sai daga baya, da kunnena ya buɗe da Turanci, Madam ta gaya mini cewa ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a cikin bangon tiyo, inda sabulu ba ya kaiwa, kuma ruwa zai fito garau alhali da su a ciki. Ta ce ta taɓa ganin iyali guda a asibiti saboda wani mai haya ya yi ƙyuyar buɗe akwatin hagu. Tun daga nan na riƙe abin kamar yadda na riƙe dokar hana ashana kusa da tanka.

Wannan lokaci shi ne mafi daɗin zamana a Amurka. Ran Lahadi Baba Seidu yakan hawo tudun a hankali da butar shayinsa, mu zauna a inuwar wata mota. Daga filin ana hango teku da manyan jiragen kaya, can nesa kuma dogayen benayen Manhattan. Yana tsoron karen Madam, karen kuma ba wanda yake so kamarsa, sai ya zo ya kwanta daidai inda rigar Baba ba za ta taɓa shi ba. A nan ya ba ni labarin mahaifinsa, wanda ya bi fataken goro daga Kano har Kumasi bai koma ba. Ya ce kabarin tsohon yana ƙarƙashin wata bishiya, kuma shi ya riga ya nuna wa ɗansa wurin da yake so kusa da shi. Ya taɓa raka gawar wani abokinsa maƙabartar Musulmi a New Jersey, ya dawo kwana biyu bai ci abinci ba.

"Wurin yana da kyau paa," in ji shi. "Ciyawa kamar kafet. Amma wa zai zo ya ce maka assalamu alaikum? Motoci kawai ke wucewa. Ɗan Funtuwa, ko a buhu ne ku mai da ni gida."

Ni kuma in ba shi labarin hanyar Legas, da matata, da 'yata da aka aurar ba na nan. Shayin ya ƙare, mu zauna muna kallon jirage.

A shekarar 2012 ciwo ya kama shi. Ciwon daji ne a hanji. Aka yi ta yi masa ƙarin ruwan magani har gemunsa ya zube, ya rame, rigunansa suka zama kamar na aro. Daga ƙarshe likitoci suka ce sun yi iyakar yinsu. Bai yi gardama ba, ya ce to a sallame shi ya tafi gida da ƙafarsa. 'Ya'yansa suka haɗa aka sayi tikiti na shi da Mma Memuna. Sai dai likitarsa ta kafa sharaɗi. Ta ce maganin ya kashe masu gadin jininsa, cutar da mai lafiya zai kwana ɗaya ya warke, shi za ta iya kwantar da shi. Za ta duba shi dab da tafiya. In ta ga zazzaɓi ko gudawa, gado za ta ba shi, ba jirgi. Dukanmu mun san in ya kwanta a wannan gadon, New Jersey za a kai shi.

Ana cikin haka, Babbar Salla ba ta daɗe da wucewa ba, naman layya ma yana cikin firiza, sai wata babbar guguwa ta zo da teku cikin unguwa. Allah ya sa tun da rana na matsa musu muka hau tudu. Da muka koma duba ɗakin, ruwa ya kai silin. Katifu, hotuna, akwatin tsarabar da Mma Memuna ta daɗe tana tarawa, duk sun zama laka. Ta tsaya a matakala ta ɗora hannu a ka.

Madam ce ta kira ni gefe. Ta nuna wata tsohuwar mota a ƙarshen fili, wadda ba a cika ba da ita haya ba, ta ce su zauna a ciki har tsohon ya tafi. Na ja motar kusa da famfo da ramin kwata, na ɗaura mata sabon farin tiyo, na kunna hita don ɗumi. Ni na koma kwana a ofis tare da karen.

Baba Seidu ya ji daɗin motar. Ya ce shekara da shekaru yana zaune a mota don neman abinci, yau ga shi mota ta ba shi gado. Matsala ɗaya ce: tankin banɗaki. An yi shi ne don masu takarda, mu kuwa da buta muke shiga, ga kuma mai ciwon ciki. Tankin da Turawa ke mako ba su cika ba, mu kafin ka juya ya cika. Madam ta taɓa leƙowa ta ga ina jan bututu, ta ce, "Ya'u, mutum biyu ne a motar nan ko ƙauye guda?"

Ni abin bai dame ni ba, aikina ne. Amma shi yana cinsa. Duk lokacin da ya ji ƙarar bututu sai ya ƙure rediyo, ya juya fuska bango. Na lura ya rage cin abinci, Mma Memuna ta ce don kada ya yawaita shiga ne. Wata rana na gama ina cire safa, sai ya yi magana ta taga.

"Da furfurarka kana kwashe ƙazantata."

Na ce, "Baba, ta Turawa ma ina kwashewa."

"Su biyanka suke yi. Kuma ba su san sunan babanka ba."

Na yi dariya na wuce. Da na tsaya na zauna da shi a ranar, da wataƙila abin da ya biyo baya bai faru ba.

Saura kwanaki kaɗan a je wurin likita, ni da Mma Memuna muka shiga gari sayen wata tsarabar, tunda ta farko ta tafi. Mutum ba ya shekaru a Amurka ya sauka hannu sake. Muka bi shagunan titi na 116, turare, huluna, takalman jikoki. Muka bar shi yana barci, Madam kuma ta fita. Makullin akwatin hagu yana aljihuna.

Da muka dawo wajen la'asar, tun daga ƙofar fili na ga ƙasa a jiƙe gefen motar. Baba Seidu yana zaune a bakin ƙofa cikin farar jallabiya, yana haki, amma fuskarsa tana haske irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Ɗan Funtuwa, yau na hutar da kai. Je ka duba tankinka, ko madubi albarka."

Mma Memuna ta ce, "Ei, Baba! Kai da ko buta ba ka iya ɗagawa?"

"Na ɗaga abin da ya fi buta."

Ya shiga ciki yana dafa bango, ita ta bi shi da ledoji. Ni na zagaya. Babban bututu yana rataye, an wanke shi. Akwatin hagu a kulle yadda na bar shi. Farin tiyo yana ɗaure a wurinsa, amma a karkace, da kumfar sabulu a jikinsa. Na shiga da gudu. Yana tsaye a kicin, ƙwayoyin maganinsa a hannun hagu, ya tara kofi a famfo ya cika.

"Baba, da wane tiyo ka wanke?"

"Da tiyo mana. Guda nawa ka bari a waje?"

"Farin? Ina da ina ka sa shi?"

"Na zura shi a babban bututu, na zura shi a masai ta ciki. Yadda kake yi da naka." Ya ga fuskata, sai ya ɗaure tasa. "Na wanke shi da sabulu, na ɗauraye, na sake ɗaurayewa. Ni yaro ne?"

"Baba, ajiye kofin nan."

Maimakon ya ajiye sai ya ɗaga shi saitin taga. "Zo ka duba, malamin ruwa. Launinsa ya canza?"

"Bai canza ba, amma..."

"Shinshina. Akwai wari?"

"Babu."

"To saura ɗanɗano, yanzu zan gaya maka. Tun ina makarantar allo aka koya mini, ruwan da launinsa da warinsa da ɗanɗanonsa ba su canza ba, mai tsarki ne. Da shi na yi alwalar azahar. Ko a Funtuwa wani karatun aka yi muku?"

Karatu ɗaya aka yi mana. Kuma karatun gaskiya ne a wurinsa, don malamanmu hukuncin salla suke faɗa, ba su ce duk ruwan da ya halatta a yi alwala da shi ba ya ɗauke da cuta ba. Wannan amsa na same ta ne daga baya, na kuma maimaita ta a raina ba adadi. A lokacin ba ta zo ba. Abin da na gani kawai shi ne kofi yana tafiya bakinsa.

Na kaɓe shi. Kofin ya bugi murhu, ruwa ya fallatsa a jallabiyarsa, ƙwayoyin suka watse a ƙasa. Da a nan na tsaya da sauƙi. Sai bakina ya buɗe, da ƙarfin da har karen Madam ya yi haushi a waje.

"Kashinka ne a cikin kofin nan! Kashinka za ka sha, tsofai-tsofai da kai?"

A gaban matarsa na faɗa. Mutumin da ya ja jikinsa a wannan sanyi, da ciwo a cikinsa, don kawai kada in sake ganin ƙazantarsa.

Mma Memuna ce ta fara durƙusawa tana tsince ƙwayoyin ɗaya-ɗaya. Shi ya dubi rigarsa, ya dube ni, ya ce a hankali, "Na gode, Malam Ya'u." Ya shiga wurin gado ya ja labule.

Ba lokacin zama ba ne. Ya ce ya yi alwala, ke nan ya kurkure baki da ruwan. Mma Memuna ta fita waje ta buga wa nas ɗin asibitinsu waya. Aka ce a sa masa ido, a riƙa gwada zafin jikinsa, in an ga wani abu a kawo shi nan take. Daga bayan labule muka ji muryarsa: "Har kun kai ƙarata." Na kwance farin tiyon na yanka shi gunduwa-gunduwa kafin in jefa a shara, don kada wani ya tsinta. Madam ta dawo, na gaya mata. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauko galan ɗin bilic, ta auna, muka haɗa da ruwa a tankin sha, muka buɗe kowane famfo na motar har warin ya fito, muka rufe muka bar shi ya kwana a cikin bututan. Washegari na yi ta ɗauraya har warin ya tafi, na ɗaura sabon farin tiyo. Duk da haka Mma Memuna ta ce ba sha ba alwala sai da ruwan gora, ta sa na jibge su a ƙarƙashin tebur.

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawonsu ba. In na yi sallama yakan amsa, don wajibi ne, daga nan shiru. Ran Lahadi ba shayi. Duk shigarsa banɗaki, ni da Mma Memuna sai mu dubi juna. Wata safiya ya daɗe a ciki har ta kasa haƙuri ta ƙwanƙwasa.

"Baba, lafiya? Cikin ne?"

"Memuna, ka bar ni. Ko a nan ma sai an sa mini ɗan sanda?"

Ashe aske ɗan gashin da ya fara tsiro masa yake yi. Ta fito waje ta zauna a matakala tana dariya tana share hawaye. Na ce mata ina so in ba shi haƙuri. Ta ce, "Bar shi tukun. Ya san gaskiyarka, shi ya sa abin ke masa zafi. Amma kai ma, Ya'u, Allah ya ba ka hannu mai kyau ya haɗa ka da baki."

Ranar ganin likita na raka su, na zauna a waje. Da suka fito ban tambaya ba, tafiyar Mma Memuna kawai na kalla. Tana zuwa ta buga mini jaka a kafaɗa ta ce, "Ba zazzaɓi, ba komai. Dokta ya ce mu tafi." Na juya na kalli bango don kada mutane su ga fuskata. Baba Seidu ya wuce ni yana dogara sanda.

Safiyar tafiya na ce bari in zubar da tankin karo na ƙarshe kafin motar da za ta kai mu filin jirgi ta zo. Na buɗe akwatin hagu ke nan sai na ji ƙofa. Ya fito cikin babbar riga ruwan toka da jar hularsa, ya sa Mma Memuna ta ajiye masa kujera daidai gefen ramin kwata.

Na ce, "Baba, akwai wari, ga kayanka masu kyau."

"Yi aikinka. Ina so in gani."

Na sa safa, na ɗaura bututu, na ja ƙarfe. Bai kau da kai ba, bai toshe hanci ba. Ya kalli yadda na ɗaura ɗan tagullan a famfo, ya kalli baƙin tiyo yana aiki har ruwan ya fito fari. Ya tambaye ni amfanin tagullan, na gaya masa, ya gyaɗa kai. Na naɗe komai na kulle, na cire safa, na nufi famfo zan wanke hannu.

"Zo nan."

Na zo. Gorar ruwa ce a cinyarsa da sabulu. Ya ce, "Durƙusa. Kawo hannunka."

"Haba Baba, ni ya kamata in zuba maka."

"Kawo, na ce."

Na durƙusa a gabansa na miƙa hannuwa. Ya riƙe gorar da hannu biyu, yana zubawa ina cuɗawa, ruwan yana zuba a takalminsa na tafiya. Sai da gorar ta ƙare ya ajiye.

Na ce, "Baba, maganar da na faɗa ran nan..."

"Da ka bar ni na sha, da New Jersey za ku kai ni. Na sani." Ya kama kafaɗata ya miƙe. "Amma bakin nan naka, ɗan Funtuwa, ya fi tankin nan buƙatar bilic. Ɗauko mini sandata."

A filin jirgi aka sa shi a keken marasa lafiya. Har aka tura shi ya shige yana faɗa da mai turawar, wai yana gudu da shi kamar ɗan tasi sabon shiga.

Ya ga damina a Kumasi. Mukan yi waya, ya ce jikoki sun hana shi barci, ya ce kokon Memuna ya fi daɗi a gida, in tambayi karen Madam ko yana kewarsa. Wata rana da hantsi ina gefen wata mota da baƙin tiyo a hannu, waya ta yi ƙara a aljihuna. Na bar ta tana yi har na kashe famfo, na cire safa, na wanke hannu. Mma Memuna ce.

"Ya'u, Baba ya tafi da asuba. Yanzu maza suka dawo. An sa shi kusa da babansa, ƙarƙashin bishiyar."

Na zauna a kan matakalar motar ina kallon jirage har rana ta take. Yanzu shekaru sun ja, na dawo Funtuwa, ƙafa ta yi nauyi, Kumasi kuwa ban taɓa zuwa ba. Wanda duk hanya ta bi da shi maƙabartar Zango, ya tsaya a ƙarƙashin bishiyar ya yi wa Baba Seidu sallama a madadina. Allah ya sanyaya makwancinsa, ya shayar da shi daga ruwan da ba a jin ƙishi bayansa.